Majayi da ciwon ƙirjin doki

A wannan fitowa za mu yi magana bisa majayi, watau ɗaurin nan da ke bi ta ƙarƙashin ƙirjin doki ya riƙe sirdi. Cikin kayan doki duka babu wanda aka raina kamarsa. Mutum yakan kashe kuɗi mai yawa wajen sirdi da jalala da linzami da likkafa, domin su ne ido ke gani ranar hawa. In an zo ga majayi kuwa, sai a ɗauko duk wanda ke rataye a barga, ko ya bushe, ko ya tsage, ko na wani doki ne dabam.

Kowane mai doki ya san irin dokin nan da ake cewa mugu ne. Da ya ga an nufo shi da sirdi sai ya kwantar da kunnuwa, ya kaɗa wutsiya, ya daki ƙasa. In an fara jan majayi sai ya juyo da kai zai yi cizo. Wani ma yakan sandare wuri guda, ko ya durƙushe kamar zai faɗi. Mun saba mu ce halinsa ne, mu daka masa tsawa, mu ƙara ja. Sau da yawa ba hali ba ne. Ciwo yake ji a tsokar ƙirjinsa, kuma ba ya da wata hanyar faɗa sai wannan. Hausawa sun ce jiki magayi.

Inda aka fi bincika wannan magana

Cikin waɗanda suka sa ido bisa majayi akwai masu wani wasan doki na ƙasashen Turai. Faransawa na ce masa diresaj, ma'anarsa horo. Ba tsere ba ne, ba tsalle ba ne. Mahayi guda ke shiga fili mai tsawon metir 60 da faɗin metir 20, ya nuna irin horon da dokinsa ya samu. Doki zai yi tafiya, ya yi sassarfa, ya miƙa ƙafa ya buɗe taku, ya tafi a karkace yana harɗe ƙafafu, ya juya wuri guda, har ya yi sassarfa a tsaye ba ya gaba ba ya baya. Alƙalai na zaune gefen fili suna ba kowane motsi maki, daga sifiri zuwa 10. Wasan ya shiga gasar Olamfik tun shekarar 1912, kuma akwai tsofaffin makarantunsa, kamar ta garin Somur a Faransa da ta birnin Biyana a Ostiriya.

A irin wannan wasa, in taku ya gajarta alƙali zai gani, maki ya ragu. Dalili ke nan da ya sa masu waɗannan dawaki da likitocinsu suka bi kayan doki ɗaya bayan ɗaya suna aunawa. Mu a nan ba mu yin wannan wasa. Amma ƙirjin dokin Somur da na dokin Damagaram ko Maraɗi halitta ɗaya ce, kuma majayi wuri ɗaya yake zama. Abin da suka gano zai amfani mai dokin hawan salla, da mai dokin sukuwa, har da mai dokin amalanke.

Abin da ke ƙarƙashin majayi

Ku taɓa gindin wuyanku. Za ku ji ƙashi guda a dama, guda a hagu, wanda ya haɗa kafaɗa da ƙirji. Doki ba ya da wannan ƙashi. Babu wani ƙashi ko gaɓa da ta haɗa ƙafafunsa na gaba da gangar jikinsa. Tsoka ce kaɗai ke riƙe da su. Ƙirjin doki na rataye ne tsakanin ƙafafunsa biyu, kamar yadda jariri ke rataye cikin zanen goyo. Kaso mai yawa na nauyin dokin, da na sirdi, da na mahayi, bisa wannan tsoka yake sauka a kowane taku.

Ɗaya daga cikin manyan tsokokin nan ta taso daga ƙashin ƙirji da farkon ciki, ta nufi gaba ta kama saman ƙafa. Aikinta ta taimaka wajen ɗaukar jiki, ta kuma jawo ƙafa baya in doki na tafiya. Majayi bisa kanta yake ratsawa. Akwai kuma wata siririyar tsoka manne da fata, wadda doki ke girgizawa in ƙuda ya sauka masa. Dabbar da ke jin saukar ƙuda, yaya za ta ji da igiyar da aka ɗaure ta da ƙarfin ƙato?

A saman ƙafar gaba, daidai inda ta haɗu da jiki, akwai wani ƙashi mai tsini da ke kallon baya. Shi ne makwafin gwiwar hannu ga ɗan Adam. Wurin da ke bayansa za mu kira shi hammatar doki. Fatar wurin tana da laushi, tana naɗewa tana warwarewa duk lokacin da ƙafa ta motsa. Ku riƙe wannan wuri, domin nan ne mafi yawan ɓarnar ke aukuwa.

Abin da awo ya nuna

A shekarar 1999 likitocin dabbobi na jami'ar Melbon, a ƙasar Ostireliya, suka gwada dawakin tsere bisa wata na'ura mai shimfiɗa da ke gudu ƙarƙashin ƙafa. Suka ɗaure majayi da ƙarfi iri huɗu: kilo 5, kilo 10, kilo 15 da kilo 20. Don ku gane wannan awo, ku ɗauka an rataya guga mai litir 10 cike da ruwa a bakin majayi. Jan da gugan zai yi shi ne kilo 10. Suka tarar in ɗauri ya wuce wannan, doki ya fi saurin gajiya. Da suka auna yadda ake ɗaure dawaki a filin tsere, sai suka ga yawanci ana kai wajen kilo 13. Ke nan masu sana'ar ma suna wuce iyaka ba su sani ba.

A shekarar 2013 kuma wasu masu bincike a Ingila suka shimfiɗa wani siririn ma'auni tsakanin majayi da fatar dawakin gasa, suka sa aka hau su. Mutane da yawa sun zaci bisa ƙashin ƙirji, can ƙasa tsakiya, majayi ya fi dannawa. Ma'aunin ya nuna a bayan hammata ne, kuma dannawar na ƙaruwa tana raguwa tare da motsin ƙafa. Sai aka yanka wani majayi mai lanƙwasa, wanda ya kauce wa wannan wuri. Dannawa ta ragu, dawakin suka ƙara miƙa ƙafa gaba, suka ƙara lanƙwasa gaɓoɓinsu. Doki ɗaya ne, mahayi ɗaya, sirdi ɗaya. Majayi kaɗai aka sauya.

Wani bincike na shekarar 2017 ya dubi tsokar kanta. An bi ƙirjin dawaki ana latsawa da yatsa, ana neman wuraren da tsoka ta ƙulle ta yi tauri kamar ƙaramin dutse cikin nama. Dawakin da masu su suka ce suna ƙin majayi, su ne aka tarar ƙullin nasu ya fi zafi. Duk wanda ya yini yana noma, ya tashi da wani wuri a kafaɗa da ba ya son a taɓa, ya san irin wannan ciwo.

Gajeren majayi na masu diresaj

Sirdin diresaj na da wata siffa tasa. Mahayi na sakin ƙafarsa ta sauka doguwa, ta manne da jikin doki, domin da ita yake ba shi umarni. Ba a son wani ƙarfe ya shiga tsakani. Saboda haka maɗauran sirdin dogaye ne, suna saukowa ƙasa da gefen sirdi, majayin kuma gajere. Maɓallansa na ƙarfe suna zama can ƙasa, a gefen haƙarƙari.

Nan matsala take. In majayin ya gajarta ƙwarai, ƙarfen zai sauko daidai bayan hammata, ya danne bakin tsoka, ƙashin nan mai tsini kuma ya riƙa bugunsa a kowane taku. Shawarar da masu gyaran sirdi ke bayarwa ita ce a zaɓi wanda zai hau sama ya wuce hammata, ya bar faɗin yatsa biyu ko uku kawai tsakaninsa da gefen sirdi, a sa kuma fata mai laushi bayan ƙarfen. Sirdinmu na gida ba haka aka yi shi ba, amma darasin ya shafe mu: zoben ƙarfe, ko ƙulli, ko wurin da aka yi faci, kada ɗayansu ya zauna bayan hammata.

Wane majayi ya kamata a zaɓa?

Abu na farko faɗi. Mace mai ɗaukar tulu ba ta aza shi bisa kai sai da gammo, domin gammo na raba nauyi. Haka majayi mai faɗi yake raba dannawa bisa wuri mai yawa. Siriri kuwa yana nutsewa cikin nama. Faɗin tafin hannu ya isa a tsakiya, ƙarƙashin ƙirji. Wajen hammata ake so ya ɗan rage faɗi, ko ya lanƙwasa baya. Igiya ba majayi ba ce, ko da ta kaba ce ko ta nilon. Muna ganinta a jikin dawakin amalanke da jakunan kasuwa, kuma kusan kullum akwai miki ƙarƙashinta.

Sai abin da aka yi shi da shi. Fata na da kyau in ana kula da ita. Gumin doki na da gishiri, in ya bushe cikin fata sai ta ƙandare, ta tsattsage, bakinta ya koma kamar wuƙa. A riƙa goge ta da tsumma mai ɗan ruwa bayan hawa, a shafa mata man kaɗe ko man shanu lokaci lokaci. Majayi na saƙar auduga na shan gumi, iska kuma na ratsa shi, abin da ya dace da zafin ƙasarmu. Aibinsa yana riƙe rairayi, don haka sai an wanke shi da sabuni, a ɗauraye da kyau, a shanya ya bushe sarai. Robar cikin taya ba ta shan gumi, tana tara zafi, tana tsinke gashi. Mu dai ba mu ba da shawararta.

Turawa kan sa wa majayi riga ta fatar tunkiya mai gashi, ga dokin da fatarsa ba ta da juriya. Dabara ce mai kyau, kuma fatar tunkiya ba ta yi mana wuya ba. Amma a nan akwai ƙarangiya. Ƙwaya guda in ta maƙale cikin gashin, ta fi rashin rigar illa. Wanda zai sa ta, ya bi ta da yatsa kafin kowane hawa.

Wasu majayun na kanti na da roba mai miƙewa a baki. Tana ba ƙirji damar buɗewa in doki ya ja numfashi. Haɗarinta shi ne tana yaudarar hannu: mutum na ja tana biyowa, har ya wuce iyaka bai ji ba. In a gefe ɗaya kawai take, ja ba ya daidaita. Gara mai roba a baki biyu, ko marar ita gaba ɗaya.

Ba sai an aika Turai ba. Dukawanmu sun iya aikin fata. Ku auna dokinku da zare, ku kai wa baduku, ku nuna masa inda hammata take. Ku ce ya bar tsakiya da faɗi, ya rage wajen hammata, ya naɗe baki kada ya bar kaifi, ya mai da ɗinki ta waje. Kowane doki da nasa majayi. Aron majayi na kawo rashin daidaito, yana kuma ɗaukar cutar fata daga wannan dabba zuwa waccan.

Yadda ake ɗauri

Majayi mai kyau a hannun mai gaggawa bai tsare kome ba. Kafin a ɗora sirdi, a goge ƙirjin doki da hammatarsa, a fitar da ƙura da busasshen gumi. A aza sirdi bayan kafaɗa, kada ya hau kanta. Majayi ya sauka kamar faɗin yatsa huɗu bayan ƙashin nan mai tsini. A fara ɗauri sako-sako, iyakar abin da zai hana sirdi faɗuwa. A sa linzami, a ja doki ya yi ƴan taku, a ƙara kaɗan. Kafin a hau a sake dubawa. Bayan minti biyar ko goma na tafiya a duba na ƙarshe. In an gama, yatsun hannu a shimfiɗe su iya shiga tsakanin majayi da haƙarƙari, su kuma daidaita fatar da ta naɗe.

Akwai maganar da muke yawan ji: wai doki na kumbura ciki da gangan don kada a ɗaure shi. Har wasu kan sa masa gwiwa a ciki, wai ya saki iska. Wannan zalunci ne, kuma ba ya gyara kome. Dokin ɗaure tsokarsa yake yi domin ya tuna zafin jiya, kamar yadda yaro ke ƙanƙame jiki in ya ga allura. In aka buge shi, gobe zai ƙara ƙanƙamewa. In aka bi shi sannu kwana da kwanaki, zai saki jiki.

Wani zai ce: in ban ɗaure tam ba, sirdi zai juya da ni. Gaskiya ne sako-sakon majayi na da haɗari, yana kuma goge fata. Amma sirdin da ba ya tsayawa sai an shaƙe doki, laifin na sirdin ne ko na shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa. Ko bai dace da bayan dokin ba, ko shimfiɗar ta yi kauri a gefe guda. Yawancin juyawar sirdi ma wajen hawa take aukuwa. A hau daga bisa dakali ko turmi, ko wani ya riƙe likkafar ɗaya gefen, kamar yadda ake yi wa sarakuna. In an sauka a wurin taro za a daɗe, a sassauta majayi doki ya huta.

Yadda za ku duba dokinku

Ku zaɓi lokacin da doki ke hutawa, babu sirdi kusa. Ku tsaya gefen kafaɗarsa, wani ya riƙe ragama. Ku shafa ƙirjinsa da tafin hannu, daga tsakanin ƙafafu zuwa bayan hammata. Daga nan ku latsa da yatsu sannu sannu, dama da hagu, kuna kwatantawa. Tsoka mai lafiya na da laushi, doki kuma ba ya damuwa. In fata ta girgiza, ko ya ɗaga ƙafa, ko ya juyo da kai, ko kun ji wani wuri mai tauri ko zafi ko kumburi, to akwai ciwo. Ku dubi gashin wurin. Inda ya karye ko ya goge, nan majayi ke ci. Inda farin gashi ya fito a jikin dokin da ba ya da fari a wurin, tabon tsohon miki ne.

In tsoka ce kawai ke ciwo, babu miki, a ɗauke masa sirdi na ƴan kwanaki, amma kada a bar shi ɗaure a turke. A riƙa jansa da ragama safe da yamma. A gasa wurin da tsumma mai ruwan ɗumi, a murza da hannu a hankali. Sabon kumburi kuwa, wanda ya fito bayan an sauke sirdi, ruwan sanyi yake so.

In fata ta fashe, a tafasa rabin litir na ruwa, a zuba gishiri ƙaramin cokali guda, a bari ya huce, a wanke mikin sau biyu a yini, a kare shi daga ƙuda. Kada a sa baƙin man mota, ko garin batir, ko toka, ko kashin shanu. Kada a yi masa lalas. Kada majayi ya koma wurin sai fata ta rufe sarai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta irin wannan miki cutar tetanos, mai sandarar da jiki, ke kama doki, kuma doki na cikin dabbobin da ta fi kashewa. Ta nan kuma wata cuta ke shiga, mai fitar da ƙuraje jere da juna kamar carbi, wadda ƙuda da kayan aro ke yaɗawa tsakanin dawakin amalanke.

Ba kowane ƙin majayi ne daga majayi yake ba. Likitocin jami'ar Kalifoniya, a Amurka, sun duba bayanan dawaki 37 da aka kawo musu da wannan kuka, suka fitar da sakamakon a shekarar 2019. Cikinsu 12 gyambon ciki gare su, wasu kuma ciwon ƙashi da gaɓoɓi. Gyambon ciki ya fi kama dokin da ake cika wa hatsi, ana barinsa sa'o'i masu yawa babu ciyawa ko harawa a gabansa. Kumburi ƙarƙashin ƙirji da ciki, tare da rama da zazzaɓi, na iya zama sammore. Saboda haka in kun gyara majayi, kun hutar da doki mako biyu bai sauya ba, ko ya daina cin abinci, ko yana ɗingishi, ku nemi likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo mafi kusa.

Jikin doki na sauyawa da lokaci. Da kaka, ga harawa ga dusa, yana ƙiba. Da bazara yana ramewa. Majayin da ya yi masa daidai a watan Nuwamba zai iya yi masa yawa a watan Mayu, ƙulli ya koma wani wuri. Dokin da ya fi saurin samun miki shi ne mai ƙiba wanda ya daɗe a turke, fatarsa ta yi laushi, sai ranar salla a ɗaure shi tun safe har la'asar cikin rana da ƙura. Mai niyyar hawa ya fara kilisa mako uku ko huɗu kafin ranar, da sirdin da majayin da zai hau da su, yana ƙara lokaci kaɗan kaɗan. Kowace rana in ya sauke sirdi, ya wanke gumin hammata da ruwa, ya bi wurin da hannu kafin ya kai dokin turke.